Ranar da Surukina Ya Cika Mini Tanki

Tun ranar da na shigo da motar gida matata ta ce wannan ba motar magidanci ba ce. Ja ce, gajera, bayanta a guntule, ƙofar but ɗinta, wurin sa kaya, kuma sama take ɗagawa da gilashinta gaba ɗaya. 'Yar Kwatano ce, na saye ta bayan na sha fama da wata tsohuwa wadda sai an lallashe ta kafin ta tashi. Abokan aikina suka ce furfura ta fara fito mini sannan na je na sayi motar samari. Ban musa ba. Ni dai na san abin da na ji ranar da na fara hawa gadar Kawo da ita, na ɗan taɓa totur ta manna mini baya da kujera. Dariya na yi ni kaɗai a cikin mota kamar wanda aka yi wa albishir.

Abin da ya raba ta da sauran ƙananan motocin garin nan shi ne ba ta shan fetur. Man dizal take sha, wanda muke kira gas. A wajenmu gas na tirela ne da janareton gidan burodi, ba wanda zai kalli 'yar ƙaramar mota ja ya kawo wannan a ransa. Da safe idan na tayar da ita a layinmu na Unguwar Kanawa takan yi ƙara kamar injin niƙa, maƙwabcina ya leƙo ya tambaya ko an fara karɓar markaɗe. Amma da ta ɗau zafi sai ta kwantar da murya. Ba ta da ci, kuma lokacin da ake dogon layin fetur ni wucewa nake yi bayan gidan mai, in tsaya tsakanin manyan motoci, direbobinsu suna leƙo ni daga sama suna murmushi. Ina son motar nan, ba na jin kunyar faɗa.

Mahaifin matata yana zaune a Kinkinau. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai tsari, wanda ko a gida ba ya zama babu hula. Yana da gona a bayan Rigachikun, masara da ɗan wake, kuma tun da ya bar aiki gonar nan ce rayuwarsa. Da idonsa ya fara rauni ya daina tuƙi, ya sayar da motarsa, 'ya'yansa maza kuma duk aiki ya kai su wasu garuruwa. Ya gwada motar haya, hawa da sauka suka gajiyar da shi. Sai ya koma zaman ƙofar gida, ya rame, abinci ma sai an matsa masa.

Matata ce ta roƙe ni in riƙa kai shi gonar ranar Asabar. Ta kuma ja mini kunne.

"Ka san halin Baba," ta ce. "Ranar da ya ji ya zame maka kaya, ya daina zuwa ke nan. In kuwa ya daina zuwa gonar nan ban san me zai rage masa ba."

Duk wanda ya san kunyar da ke tsakanin mutum da surukinsa ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Takalmi nake cirewa daga nesa, in durƙusa, mu gaisa, in tashi. Ga shi yanzu za mu zauna kafaɗa da kafaɗa a motar da in na sa giya sai hannuna ya kusa taɓa gwiwarsa. Ranar farko ya zagaye ta yana dogara sanda, ya ce, "Malam, sauran motar fa?" Na ce, "Baba, iyakarta ke nan." Ya sunkuya ya shiga.

A hankali muka saba. Ba hira muke yi ba, shi ne dai yake nuna mini inda da can daji ne yanzu duk an gine, ni kuma ina cewa haka ne. Ranar da na kwantar da kujerun baya, buhunan taki suka shige tsaf, na ga ya gyaɗa kai. Ya fara cin abinci, fuskarsa ta ciko. Da mun isa gona sai ya manta da sandar a mota.

Abu ɗaya ne ke damunsa, kuɗin mai. Duk tafiya sai ya sa hannu a aljihu, ni kuma sai in ce Allah ya kiyaye. Don ma kada ya sami dama, tun ranar Juma'a nake shan mai, ban taɓa shiga gidan mai da shi ba. Shi ya sa har muka ci rabin damina bai san abin da motar take sha ba. Maganar ba ta taɓa tasowa ba, kuma ni ba mai yi masa dogon bayani ba ne.

Wata Asabar ban samu na sha man ba, ga shi mun daɗe a gona ana zuba taki. Muna dawowa azahar ta yi, muka tsaya a wani gidan mai da ke da masallaci. Rana ta buɗe sosai bayan ruwan safe, wurin kuma babu kowa, sai na ajiye motar a inuwar rumfa, gefen famfon fetur, don kada Baba ya sha zafi.

"Je ka yi alwala, Malam," ya ce. "Ni ina da tawa, zan same ka a ciki."

Na tafi da makullin a aljihu, na bar motar a buɗe. Sai da aka tayar da salla ya shigo sahu. Da muka idar na lura yana wani annashuwa, har yana tsokanar mai sayar da rake a bakin masallaci. Muna isa mota warin fetur ya buge ni. Mai zuba man, wani dattijo mai rigar aiki, ya ce, "An cika maka ita taf, Alhaji ya biya."

Na kalli murfin tankin, na ga danshi a gefensa. Fetur aka zuba mata. Wanda ya sayar mini da motar ya gargaɗe ni tun farko, ya ce idan fetur ya shiga injin gas ko makulli kada in murɗa, domin da man ya zagaya, famfo da nozul na injin sun tashi aiki. Na juyo na kalli Baba. Yana tsaye ya harɗe hannu a baya, yana jiran godiya, yana ƙoƙarin ɓoye murmushi. Rabon da in ga fuskarsa haka tun kafin ya sayar da motarsa.

Na durƙusa na ce, "Baba, an gode, Allah ya ƙara girma."

"Ba komai, ba komai. Tashi mu je."

Nan fa ake yin ta. In na faɗa masa gaskiya na kunyata shi a gaban mutane, in na tayar da mota na kashe ta. Sai na ce ina jin wani ƙauri, bari in duba. Na ɗaga bonet, na kare da jikina, na kwance kan batir ɗaya wanda dama bai ɗauru sosai ba. Na dawo na murɗa makulli, shiru.

"Baba, ta ƙi tashi."

"Batir ne," ya ce. "A tura ta."

Ka san mutanenmu, mota ba ta mutuwa a gabansu su tsaya kallo. Kafin in buɗe baki masallata sun naɗe hannun riga, har mai rake ya bar rakensa. Baba ya tsaya gefe yana ba da umarni da sanda, a sa giya biyu, a jira ta ɗau gudu, a saki kuloci. Suka tura ni har bakin titi, suka juyo da ni, suka sake turawa. Ni kuwa na danne kuloci da iyakar ƙarfina, ban saki ko kaɗan ba, ina ta girgiza kai wai abin ya ba ni mamaki. Bayin Allah suka haɗa gumi sharkaf a kan ƙaryata. Wani daga cikinsu ya ce, "Wannan jar motar kyan ɗan maciji ne da ita kawai," kowa ya yi dariya, ni ma na yaƙe baki.

Na sa Baba a keke mai ƙafa uku zuwa gida, na kira janwe ya ja motar zuwa gareji. Bakanikena ya sauke tanki, ya zubar, ya wanke, ya ce na yi arziki da ban tayar ba. Na roƙe shi ya riƙe bakinsa. Da na ba matata labari ta yi dariya har da riƙe ciki, can kuma sai na ga tana share ido.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sunan motata da ya ɓaci. Baba ya ba da labari a majalisarsu, labarin ya zaga dangi, ya iso har ofis. Wai motar samari an cika mata ciki ta kwanta. Duk wanda ya gan ni sai ya tambaya yau ta tashi kuwa. Motar da ba ta taɓa ba ni kunya ba ko sau ɗaya. Na haɗiye, amma wallahi da ƙyar.

Abin da ban lissafa ba shi ne Baba ba ya barin magana a inda ta faɗi. Ya zauna ya yi nazari, ya ce mota lafiyayya ba ta mutuwa daga shan mai sai in man gurɓatacce ne. Bai gaya wa kowa ba, ya hau motar haya ya koma gidan man don ya ƙwato mini haƙƙina. A can dattijon nan mai zuba mai ya ba shi haƙuri, ya ce mai janwe ya faɗa musu motar ta gas ce, shi ma da ya sani da bai zuba ba. Ƙanwar matata ce ta ba mu labari. Ta ce ya dawo ya shige ɗaki, ko tuwon dare bai taɓa ba.

Ranar Juma'a saƙo ya zo, wai in huta, gobe ba zai je gona ba. Mako ya zagayo, saƙon bai canja ba. Masara tana neman taki na biyu, shi kuma ya koma kujerar ƙofar gida. Matata ta daina yi mini maganar, wanda hakan ya fi maganar ciwo.

Asabar ta gaba ban jira saƙo ba, na tafi Kinkinau da sassafe. Na ajiye mota inda zai gan ta, na cire takalmi, na durƙusa. Muka gaisa, yana kallon gefe. Ba zan iya ce masa ba komai ba, domin faɗin hakan tamkar na ce akwai komai ne. Shi ma ba zai ba surukinsa haƙuri ba, ba a yin haka, kuma da ya yi da ni zan rasa inda zan sa kaina.

Sai na tuna wata magana da bakanike ya taɓa yi mini, wadda gaskiya ce.

"Baba, alfarma na zo nema," na ce. "Bakanike ya ce injin gas ba ya son yawon cikin gari kawai. In ba ta samun doguwar hanya tana buɗe wuta, hayaƙi ne ke toshe ta. Ni kuma daga gida sai ofis, ba ni da inda zan je in ba gonar nan ba."

Karo na farko ke nan da kalmar gas ta fito tsakaninmu. Ya juya ya kalli motar, ni kuma ina kallon ƙasa.

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce, Baba."

Ya ɗaga murya ya ce a miƙo masa sandarsa.

Muka bi baifas, muka wuce Mando, muka hau hanyar Zariya. Da muka kusa gidan man nan na ƙara wuta don mu wuce da sauri, sai ya ɗaga hannu.

"Shiga nan. Wuce can baya, wajen manyan motoci."

Tankina bai yi ƙasa ba sosai, amma na shiga. Ya fita da kansa, ya tsaya tsakanin tireloli da farar rigarsa, ya sa aka zuba gas yana kallo har famfon ya tsaya. Na ga ya sa hannu a aljihu. Bakina ya buɗe zai ce Allah ya kiyaye kamar kullum, na rufe shi, na riƙe sitiyari da hannu biyu har ya gama biya.

Ya dawo ya zauna, ya gyara hularsa, ya jingine sanda a gefen ƙofa. Na murɗa makulli ta tashi take. Muna hawa titi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Mako mai zuwa ka zo da wuri, Malam. Sai mun biya mun ɗauki taki."

Na ce to, Baba. Na ƙara mata wuta, muka nufi gona.