Siton Aunau da Katan Ɗari da Ashirin

Faɗan da na taɓa yi da jikana Aunau a kan igiyar shanyata ne. Na fito da wanki na tarar ya kwance ta, ya cika ta da ƙulli. Na wanke shi tas, shi kuwa yana dariya yana cewa, "Amarya, aro na yi."

Tun yana yaro yake da wannan hali, ko tabarma ka shimfiɗa sai ya auna ta da taki. Da ya girma ya shiga dako, ya sha kaya har bayansa ya fara ƙara kamar tsohon gado. Sai ya tattara abin da ya tara, ya kama wani ɗan sito ƙarƙashin bene, ya saro sabulu katan ɗari da ashirin.

Kafin nan ya auna siton da ƙullin igiyata: katan shida a tsawo, huɗu a faɗi, ashirin da huɗu ke nan a ƙasa, a ɗora hawa biyar.

Ranar da motar sabulun ta zo hadari ya haɗo. Direba ya jibge kayan a titi, ya leƙa siton ya ce, "Wannan akurkin? Ko rabi ba zai ci ba." Idan ruwa ya sauko sabulu ya narke, Aunau ya koma dako.

Aunau ya yi ta jerawa daga can ciki. Sai da ya iso bakin ƙofa hannunsa ya tsaya. Ashe ƙyauren ciki yake buɗewa, ya cinye wurin sahu biyu, igiya kuwa ba ta faɗa masa ba. Ga katan a waje, ga yayyafi.

Ya dubi ƙyauren, ya ruga wurin kafinta maƙwabcinsa ya aro guduma. Suka ɓalle shi, ya cusa sauran kayan, na ƙarshe ya zauna daram dab da rufi. Suka mayar da ƙyauren yana buɗewa waje. Yana murza makulli ruwa ya tsuge.

Ya iso zaurena a jiƙe yana washe baki. "Amarya, kin gani?"

Na ce, "Na gani, maigida. Yanzu je ka yi wanka. Mai sito guda na sabulu ba ya yawo da warin zufa."