Dillalin Gindin Tsamiya

Ranar Talata ce, bayan azahar, a kasuwar shanu ta Talata Mafara. Mu uku ne a bayan wata rumfa: ni, da Baturen da nake yi wa tafinta, wakilin wata jaridar ƙasar waje, da wani dattijo dillalin shanu, mutumin Gidan Goga.

Baturen ya zaga ƙasashen yaƙi da dama, kuma ba ya gajiya da faɗi. Daga Bakura har Maradun labarin kansa ya yi ta ba ni. A wani gidan makoki da muka shiga, ana addu'a yana duba agogo.

Abin da ya kawo shi kasuwa shi ne yadda shanun da 'yan bindigar daji suka sato ke shigowa. Dattijon ya sani.

"Ɗana," ya ce da ni, "wanga Bature ya san mutanen daji na riƙe da waya?"

"Ya sani, Baba."

"To gaya mishi ban son sunana ya fito. Ina da iyali."

Na fassara. Baturen ya dafa ƙirji, ya ce tun da ya fara aikin nan bai taɓa tona asirin majiyarsa ba. Dattijon ya yi magana.

Da littafin da Baturen ya rubuta a kan tafiyar ya fito, babu suna kam. Sai dai ya kwatanta dattijo mai guntun yatsa a hannun hagu, wanda ke ɗaure shanunsa a gindin tsamiyar da ke kusa da mahauta, wanda aka kashe wa ƙane a gona. A wajenmu wannan ya fi suna. Suna ɗaya mutane da yawa ke amsa shi, tsamiyar kuwa guda ce.

Wani ya karanta shafin da Hausa ya naɗa, muryar ta bi wayoyi. Na kira Baturen, na same shi yana shirin zuwa karɓar lambar yabo. Ya ce idan mai karatu bai ga mutum a idonsa ba, labari ba ya shiga zuciya. Ya ce zai neme ni. Bai nema ba.

Ba a jima ba wata baƙuwar lamba ta kira dattijon. Aka gaishe shi da ladabi, aka tambaye shi ya yatsa.

A satin ya sayar da shanunsa, ya kwashe iyalinsa zuwa Sakkwato. Wani dillali ne ke ɗaure shanu a gindin tsamiyar yanzu.