Injin da aka ɗaura wa jirgin Mamman

A gidanmu na bayan Hubbare, bayan sallar isha'i muke kewaye murhun kakarmu Inna Ige, tana gasa mana gyaɗa a toka tana ba mu tatsuniya. Akwai labari guda da ba ta taɓa buɗe shi da “ga ta nan” ba. Sai dai ta janye itace daga wuta, ta ce, “Wanga ba tatsuniya ba ne, ɗiyana. Da idona nig gani.”

Yayanta Mamman shi ke fiton mutane a gulbin Rima, zamanin da Turawa ba su daɗe da zama Sakkwato ba. Wani Bature mai awon ruwa ya kawo inji, ya ce a ɗaura wa jirginsa. Sai da kafinta ya sare gindin jirgin, ya gitta katako, aka ɗaure injin da ƙusoshi, farfelarsa na cikin ruwa. Mamman ya yi ta murna, ya jingine filafilinsa a gaɓa.

Ranar gwaji gulbi ya cika maƙil. Aka ja igiya, inji ya ɗauka, jirgi ya tsaga ruwa. A daidai lokacin Hajo matar Mamman tana tsallakowa daga fadama a kan gora, igiyar ruwan da jirgin ya tayar ta kifar da ita.

“Muna gaɓa muna jin ta,” in ji Inna. “Sunanai taka kira, Mamman, Mamman. Shi ko shina dariya, shina ɗaga muna hannu. Ƙarar injin ba ta bari yaj ji ba.”

Washegari aka tsamo gawarta cikin ciyawar burgu. Mamman ya kwance injin da hannunsa ya mayar wa mai shi. Daga nan, kullum magariba sai ya tura guntulallen jirginsa zuwa tsakiyar gulbi, ya ce ana kiransa. Haka ya yi har ya tsufa.

Muna yara, tsoron muryar cikin ruwa ke hana mu barci. Sai da na girma na lura Inna ba ta taɓa zagin injin ba, ba ta kuma zargi yayanta ba. Abin da ke sa muryarta rawa shi ne hannun nan da ya ɗaga, yana cikin farin ciki, kusa da Hajo ƙwarai. Yanzu abin da nake tsoro ke nan: a ce wani nawa ya taɓa kirana haka, ni kuwa na wuce ina murmushi, har yau ban sani ba.