Ƙafar da ke Gefen Hoto

A unguwar Arba wa Nus, nan Masar, kowa ya san Sulaimanu, amma da guga aka san shi. Gugar ƙafa yake yi irin ta Masarawan da, ƙaton ƙarfe mai zafi, ya naɗe wando ya ɗora ƙafar hagu, mai tsohon tabo a saman gwiwa, ya tura. Shi ke goge mini jallabiya tun zuwana karatu.

Bahaushen Sudan ne. Yana saurayi wani dillali ya kai shi ƙasar Cek, ya buga wa wata ƙaramar ƙungiya ƙwallo shekara biyu, gwiwarsa ta dama ta lalace, aka sallame shi. Hotunan lokacin an baro su a Omdurman ranar gudun yaƙi. Labari kawai ya rage, shi ma ba mai yarda. Samarin unguwa in za su wuce sai su ce, "Ya Kabtin, a goge mana wando!" Ba ya fushi, ba ya dariya. Ni ke jin haushin a madadinsa.

Wata rana ina shagonsa, 'yarsa Wijdan ta dawo daga makaranta ta ce, "Baba, don Allah ka daina ba da labarin nan. Na nemi sunanka a waya, babu. Dariya ake yi mini."

Ya gama hannun rigar da yake gogewa kafin ya ce, "Nemi Radim. Shi ne tauraronmu. A garin can ko burodi ba ya saye da kuɗinsa."

Da ƙyar muka samo tauraron. Layi huɗu aka rubuta a kansa: an haife shi, ya buga nan da can, ya yi ritaya. Sai hoto ɗaya, Radim ya buɗe baki yana murnar cin ƙwallo. Na ce a raina, in wannan ne rabon tauraro, ai Sulaimanu sai haƙuri.

Wijdan ce ta ja hoton da yatsu biyu. A gefe, inda aka yanke shi, ga baƙar ƙafa guda ɗaya, da dogon tabo a saman gwiwa. Ta dubi wayar, ta dubi ƙafar da ke kan ƙarfen. Gani ya kori ji.

"Wallahi kai ne, Baba."

Ya karɓa ya daɗe yana kallo, fuskarsa ba ta canza ba. "Ni na ba shi wannan ƙwallon," ya ce. "Khalas, shi ke nan. Miƙo mini rigar can."

Tausayinsa ya kama ni, har na fi son a ce kuka ya yi.

Bayan mako guda na koma karɓar kayana, na ga wayar Wijdan a kan benci. Ta sa hoton a fuskar wayar, amma ta yanke Radim gaba ɗaya. Ƙafar kaɗai ta bari.