Sunan da Aka Cire daga Littafin Malam Nasrullahi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Mayu, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Malam Nasrullahi Lawal, masanin fiziks, a gidansa da ke Tungan Maje, bayan doguwar jinyar ƙoda.

Malam, shekara tara ka yi kana rubuta littafi guda, don Bahaushe ya karanta da harshensa labarin ƙarfi huɗu da ke riƙe da halitta: wanda ke dawo da jifa ƙasa, da na lantarki da maganaɗisu, da biyun da ke aiki can cikin cibiyar ƙwayar zarra. Ranar da na ce ban gane halin ilektron ba, ɗan mitsitsin nan da ke kewayen cibiyar, sai ka ja ni gindin tsanin maƙwabcinka.

"Ɗan jarida, hau. To, tsaya tsakanin mataki biyu."

Na ce ba ya yiwuwa.

"Shi ma haka yake. Ko nan, ko can."

A hukumar da ka yi aiki, al'ada ce ƙaramin ma'aikaci ya tura rubutunsa ga Darakta cikin fayil don ya sa albarka. Ka bi ƙa'ida. Fayil ya shiga, bai fito ba. Kana kwance a asibiti aka buga littafin da sunan Darakta a bango, naka ko a shafin godiya babu. Da maiɗakinka Hadijatu ta kawo maka kwafi, abin da ka tambaya kawai shi ne ko sun gyara zanen shafi na arba'in. Ba su gyara ba.

Ranar addu'ar uku Oga Darakta ya zo, ya ce wa Hadijatu, "Madam, yaron kirki ne, yakan taya ni 'yan aikace-aikace."

Kai mai yafiya ne, Malam. Ni ban kai ka ba. Hadijatu ta damƙa mini littattafan rubutunka goma sha ɗaya, kowane babi da kwanan wata, da hannunka. Ofishin Darakta kuma sun gayyace ni in yi sharhin littafin ranar ƙaddamarwa, wata mai zuwa, gaban manyan baƙi da kyamarori. Na amsa. Zan baje littattafan nan naka a kan teburi, in yi ta karantawa har a kashe makirufo. Abin da ya rage jarida za ta ɗauka.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa ilimin nan ya zame maka sadaka mai gudana. Allah ya ba Hadijatu da 'yarku Najwa haƙurin rashinka. Shi kuwa wanda ya ci guminka, Allah ya ba shi lafiya, ya kai shi wannan rana.