Kujerar Des a Layin Baya

Duk wanda ya daɗe yana hawa bas tsakanin Southport da Coomera ya san Des Zammit, ko da bai san sunansa ba. Shi ne direban nan gajere mai faɗin kafaɗa, wanda ba ya tayar da mota sai tsohuwar da ta shigo ta zauna. A Mackay aka haife shi, cikin gonakin rake, iyayensa mutanen Malta ne. Ya bar makaranta da wuri, ya yi yankan rake har bayansa ya ce ya isa haka, sannan ya gangaro kudu ya kama sitiyari. Ya taɓa aure, auren bai yi ƙarko ba, suka rabu ba tare da kowa ya ɗaga murya ba. Shi dai mutum ne mara yawan magana.

Ranar da ya ajiye aiki, abokan aikinsa suka ba shi katin shiga filin lilo da shaƙatawa na Wattle Point, na shekara guda. Tsokana ce suka yi masa, don sun san ya ƙare rayuwarsa yana sauke mutane a ƙofar wurin, bai taɓa leƙa ciki ba. Des ya yi godiya, ya sa katin a aljihu. Da zaman gida ya ishe shi, wata Lahadi ya sa silifas da hular rana ya tafi.

Lilon da ke juya mutum kai ƙasa bai burge shi ba. Amma can ƙarshen fili, bayan masu sayar da kifi da soyayyen dankali, ya ga wani gini mai hoton mutum mai kunne ɗaya, sai ya ja ya tsaya. Kyaftin Odrik ne, jarumin fina-finan yaƙin sararin samaniya da Des ya kalla yana saurayi, a silimar da ake kallo daga cikin mota, sauro na cizonsa. A cikin ginin ana hawa wani keke da aka ƙera kamar jirgin Kyaftin. Zai ja ka cikin duhu tsakanin taurarin ƙwan lantarki, dodon roba ya buɗe maka baki, sai a hau tudu a hankali, daga nan a sako ka ƙasa kamar an yanke igiya. Daidai wannan faɗowar ake ɗaukar hoto, in an fito kowa ya ga fuskarsa a allon da ke bakin ƙofa.

Des ya hau, ya fito, ya sake bin layi. A hawa na gaba wata mata mai furfura da ƙaton tabarau ta taɓa shi a kafaɗa.

"Kai ba direban bas ɗin Coomera ba ne?"

"Ni ne."

"To me kake yi a tsakiya kamar baƙo? A tsakiya ba a jin komai. Dawo nan baya."

Ita ce Noelene Hargreave, wadda ta yi shekaru tana sayar wa yara abinci a makarantar firamare, shi ya sa har yau in ta yi magana mutum yakan gyara tsayuwa. Ita ce shugabar 'Yan Layin Baya, wasu tsofaffi da ke haɗuwa kowace Lahadi da an buɗe ƙofa, su wuce kai tsaye su kama layin ƙarshe na jirgin, inda faɗowar ta fi girgiza hanji. Suna da al'ada: in jirgi ya sako, kowa ya ɗaga dunƙulen hannayensa biyu sama, kamar yadda Kyaftin yake yi a tsofaffin fina-finai. Su fito su duba hoton, su yi wa juna dariya, ba wanda ya taɓa saye. Daga nan sai gindin ɓaure, a buɗe fulas ɗin shayi, a baza dankali a takarda, ana musu ana korar tsuntsayen nan masu dogon baki da ba su san kunya ba.

Kujerar da Noelene ta nuna masa ita ce ta gefen hagu. Sai daga baya Warwick, tsohon mai gyaran famfo, ya raɗa masa cewa ta Col ce, mijin Noelene da ya rasu, kuma tun rasuwarsa jakarta take ajiyewa a wurin. Daga ranar, tun Alhamis yake goge rigar Lahadi. Da katin ya ƙare ya sabunta, ya kuma sabuntawa. Mutumin da a da sai ya yi mako bai yi magana da kowa ba sai mai kanti, yanzu har yana da ra'ayi a kan ko dodon roba ya fi ban tsoro kafin a yi masa fenti.

Ana nan sai labari ya zo cewa an yi sabon fim. Wannan bai ci gaba daga inda aka tsaya ba, baya ya koma, ya ba da labarin ƙuruciyar Kyaftin, tun yana da kunnuwa biyu. Gindin ɓaure ya ɗauki zafi.

"Wa ya tambaye su?" in ji Warwick. "Mutum ya zo mana da furfurarsa da kwarjininsa, yanzu za a nuna mana shi da ƙurajen fuska."

Wani ya ce ai ɗan wasan da aka ɗauko ko gemu bai yi ba. Wata ta ce ta ji an canja wa jirgin launi. Noelene ta bari suka gama, sannan ta rufe fulas.

"Ni magana ɗaya ce. Wanda duk ya kalli wannan abin, ya nemi wani layin. Mun yarda?"

Kowa ya ɗaga kofin shayinsa. Des ma ya ɗaga, da zuciya ɗaya kuwa, don a lokacin ba shi da niyyar komai.

Janairu ne ya ja masa, watan da ya fi kowanne zafi a ƙasar. Zafi ya taso irin wanda kwalta ke kama silifas, fankar ɗakinsa ta mutu, ya hau bas zuwa babban kanti don ya sha sanyin na'ura. Ya zagaya har ƙafafunsa suka gaji, benci duk a cike. Wurin zama a sanyi ɗaya ya rage, silima, kuma fim ɗin da za a fara shi ne wanda aka haramta. Ya gaya wa kansa barci kawai zai yi.

Bai runtsa ba. Ashe Kyaftin yana yaro wanke-wanke yake yi a kicin ɗin jirgi, ba wanda ya san sunansa. Wata rana jirgi ya yi nutso ba zato, ƙofar babban firij ta rufo ta tafi da kunnensa. Daga nan duk sanda jirgi zai nutsa, ma'aikata sai su dafe kunnen hagu suna yi masa dariya. Can ƙarshen fim, bayan ya kuɓutar da su duka, ya shigo ɗakin cin abinci, sai kowa ya miƙe tsaye ya dafe kunne, babu mai dariya. Des ya tuna da shekarunsa na farko a gonar rake, lokacin da ake kwaikwayon maganar babansa a gabansa. Ya zauna har aka kunna fitila, yana share ido da hular rana. Kuma abin kunya, ya koma, ya kuma komawa, duk da an riga an gyara fankar.

Lahadi-Lahadi yana zaune ana zagin fim ɗin, shi yana tauna dankali a hankali. Warwick ya ce ya ji wai a ciki Kyaftin har waƙa yake yi. Des ya san ƙarya ce, ya haɗiye da shayi.

Sai masu filin suka rufe jirgin don a gyara shi ya dace da sabon fim ɗin. Da aka buɗe, 'Yan Layin Baya suka je da sassafe, su gane wa idonsu irin ɓarnar da aka yi. Noelene tun a layi take nuna abubuwa da yatsa. An cire dodon roba. An sa sababbin fitilu. Des ya zauna a kujerarsa ta hagu, ya ɗaura bel, ya ƙudurta ba zai nuna ya gane komai ba. Jirgi ya ratsa ta wani kicin, ga tukwane na lilo, ya kau da kai. Amma da aka fara hawa tudu, sai aka saki kiɗan nan na ƙarshen fim, na ɗakin cin abinci. Jirgi ya sako.

A bakin ƙofa suka taru gaban allo kamar kullum. Hoton ya fito tarwai. Layin gaba duk yara ne, kowanne ya dafe kunnen hagu. Layin baya hannuwa sama, dunƙule-dunƙule. Sai can gefe, ga Des, hannu a kunne, ido a rufe, fuskarsa kamar ta mai addu'a.

Kowa ya juyo ya dubi Des.

"Ƙila kunnensa ke ciwo," in ji Warwick. "Ko ba haka ba, mutumina? Iska ce ta shiga."

Hanya ce ya buɗe masa, kuma Des ya gani. Ya dubi hoton, ya dubi Noelene.

"Kunnena lafiya lau," ya ce. "Na kalla."

"Sau nawa?"

"Kar ki tambaya, ranki ya daɗe."

"Ya yi maka kyau ke nan."

"Ya yi."

Noelene ta gyara tabarau. "To, Direba. Ga layin gaba can, akwai abokanka."

Haka Des ya koma gaba. Ba wanda ya kore shi daga filin, shi ma bai daina zuwa ba, don bai san inda zai kai Lahadinsa ba. Yakan zauna tsakanin yara masu ɗanƙon alewa a hannu da baƙi masu ɗaukar hoton komai. A gaba faɗowar ba ta da daɗi, kafin ka ji ta an gama. In ya fito ya duba allo, sai ya ga jakar Noelene ta koma kan kujerar hagu. Dankalinsa a wani benci yake ci shi kaɗai, tsuntsaye kuwa suka gane ba shi da mataimaki, suka raina shi. Warwick kan biyo ta wurin kamar mai neman kwandon shara, ya ajiye masa kofin shayi ya wuce.

Wata Lahadi da aka wayi gari da yayyafi, mutane ba su fito sosai ba. Des ya zauna a gaba, yana neman bakin bel, sai ya ji an zauna kusa da shi. Ƙamshin man zafi ya gaya masa ko wace ce tun kafin ya juya.

"Kar ka yi murna," in ji Noelene. "Gwiwata ce ba ta son matakala yau."

"To."

Jirgi ya tashi. Suka shiga cikin taurari. Ba ta dube shi ba, gaba take kallo.

"Ni da Col mun yi musu a kan kunnen nan tun kafin mu yi aure. Shi ya ce dodo ne ya cije shi a wajen yaƙi. Har zane yake yi mini a bayan takardar dankali, ga dodo, ga takobi. Ni na ce wani sakarci ne kawai irin na maza. A asibiti ma, ana gobe zai rasu, sai da ya ce mini, dodo ne, Noel." Ta gyara riƙon jakarta. "Muddin ban kalla ba, musun bai ƙare ba. Ka gane?"

"Na gane."

"Amma tun ranar da na ga hannunka a kunne ba na barci sosai. Kai ka sani, ni ban sani ba, kuma kana zaune kana cin dankali." Suka shigo kicin, tukwane na lilo a kansu. "Faɗa mini abu ɗaya. Col ya yi daidai?"

Des ya yi tunani. Ya san amsar da za ta yi wa mamaci daɗi, ya kuma san matar da ke kusa da shi.

"Ko kusa bai yi ba," ya ce. "Ƙofar firij ce."

"Ƙofar me?"

"Firij. Yana wanke-wanke, jirgi ya nutsa, ƙofa ta rufo."

Jirgi na hawa tudu, kafaɗunta suka fara rawa. Des ya tsorata, ya ɗauka kuka take yi. Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda take sa mutum tari. "Firij," take cewa. "Col Hargreave, kana ji? Firij." A hoton ranar ba ta ɗaga hannu ba, ba ta dafe kunne ba, tabarau ta cire tana share ido. Ta daɗe a gaban allon, sannan ta biya kuɗin hoton. Shi ne hoto ɗaya tilo da aka taɓa ganin ɗan Layin Baya ya saya.

A hanyar gindin ɓaure ta miƙa masa fulas ya riƙe.

"Lahadi ka koma wurinka. Jakar nan ta gaji da faɗowa. Amma hannu sama, ka ji?"

"Duka biyun?"

Ta harare shi ta saman tabarau. "Ɗaya ma ya isa."

Har yau Noelene ba ta kalli fim ɗin ba, kuma har yau in aka tambaye ta za ta ce shirme ne. Des ba ya musa mata. In ka je Wattle Point ranar Lahadi da safe ka tsaya gaban allo, duba layin baya, gefen hagu. Za ka ga gajeren tsoho mai hular rana, hannun dama sama a dunƙule, na hagu a kunne.