Ƙofar da Ba a Fasa Ba

Ɗalibai Baba Kwaɗo suke ce masa, har sunan ya bi shi gida, matarsa ma in ta so tsokanarsa da shi take kiransa. Rumfarsa tana daura da ƙofar baya ta kwaleji, tsakanin shagon mai aski da na tela. 'Yar ƙarama ce ta kwano, in ya ware hannuwansa sai ya taɓa bangonta dama da hagu. A ciki akwai injin yankan makulli, da magagari manya da ƙanana, da wata waya da ya ɗaure daga kusurwa zuwa kusurwa ya jera 'yan makullan da ba a yanka ba.

A hannun kawunsa ya koyi sana'ar tun gemu bai fito masa ba, kuma bai taɓa yin wata ba. Gajere ne mai ƙaramar murya, ƙurar ƙarfe ta zauna a farcensa har sabulu ya haƙura. Yakan ce duk duniya babu mai yar da makulli kamar ɗalibi, da kai ma ana cire shi a ajiye, da kullum sai an zo masa ya yanka sabo. Yaran su yi dariya, su zauna a bencinsa suna ba shi labarin malamansu yana gurza ƙarfe. Da wannan rumfa ya aurar da babbar 'yarsa, ya kai ɗansa koyon tuƙin babbar mota, ya kuma sa Auta a kwalejin nan tana karatun aikin jinya. Duk ranar da ta wuce da farar rigarta sai ya tsayar da injin ya bi ta da kallo, mai aski ya leƙo ya ce, a hankali dai kada wuya ya karye.

Ana tsakiyar zangon karatu aka wayi gari da abin da ya girgiza unguwar. Wasu ɗalibai mata uku suna haya a wani gida a layin baya. Ƙawarsu ta biya musu da safe su tafi aji, ta buga ƙofa har hannunta ya gaji, babu wanda ya amsa. Aka kira mai gidan ya zo da nasa makullin. Aka same su duka ukun an kashe. Wayoyinsu suna nan, na'urorin karatunsu suna kan tebur, ko tsinke ba a ɗauka ba. Ƙofar kuma ba a fasa ta ba, a kulle aka tarar da ita.

'Yan sanda suka zo suka zagaye gidan da igiya, suka yi ta shiga da fita, suka ce ana bincike. Daga nan ba a ƙara jin komai daga bakinsu ba, sai gari ya ɗauki aikin da kansa. Wasu suka ce tsohon saurayin ɗayarsu ne. Wasu suka ce wata ƙungiyar asiri ce ta cikin makaranta. Tela ya rantse wani malami ne, don ya taɓa ganin motarsa a layin. A waya kuwa, mutanen da ko hanyar unguwar ba su sani ba suna zana taswirar gidan, suna faɗin ta inda aka shiga da ta inda aka fita, kamar da su aka yi.

Tsoro ya sauka. Tun la'asar layi yake zama wayam. Ɗalibai suka koma kwana shida-shida a ɗaki ɗaya, suna jingina gado da ƙofa. Kowa ya ruga wajen Baba Kwaɗo: a canza kuba, a ƙara sakata, a sa kwaɗo biyu. Ya yi ta zaga gidaje da jakarsa har tafin hannunsa ya yi kanta sabuwa a kan tsohuwa. Ba ya jin daɗin wannan cinikin. Ya san yaran nan uku, ɗayarsu mai wushirya takan ce masa Kaka, ta ce in ta gama karatu ita za ta saya masa sabon inji. Shi ne ma ya sa musu kubar ƙofarsu a farkon zango, kuma bai ɓoye ba, da bakinsa ya faɗa a shagon mai aski, hawaye na cika masa ido.

Maganar da ya faɗa don jimami ita ce ta juyo ta sare shi. Wata safiya Auta ta shigo rumfar fuskarta kamar an watsa mata toka, ta miƙa masa waya. Hoton rumfarsa ne, an zagaye shi da jan layi yana sunkuye kan inji. A ƙasa an rubuta tambaya: wa ke da makullin kowane ɗaki a unguwar nan? Dubban mutane sun riga sun amsa.

Kafin azahar waɗanda ya sa wa kuba jiya sun fara ɓalle ta suna jefarwa a kwata. Washegari 'yan sanda suka zo suka tafi da shi, suka kwashe har wayar da makullai ke rataye. Suka tambaye shi inda ya kwana, da ko yana ajiye kwafin makullin mutane, da dalilin da ya sa yarinyar take ce masa Kaka. Ya amsa abin da ya sani. Makwabtansa na gida suka shaida yana cikinsu a ranar, yana jinyar matarsa da zazzaɓi ya kwantar. Aka sake shi, babban jami'in har ya dafa kafaɗarsa ya ce ya yi haƙuri, aiki ne.

Ya ɗauka shi ke nan. Ashe sakin ma laifi ne. Aka ce ai ruwa ba ya tsami banza, da babu komai da ba a kama shi ba. Aka ce akwai manya a bayansa. In ya sunkuyar da kai a hanya, a ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In ya ɗaga kai ya gaisa, a ce dubi ƙarfin hali irin na wanda ya saba. Mai aski, abokinsa na shekara da shekaru, ya janye bencinsa zuwa ɗaya gefen, in sun haɗa ido sai ya kama wasa almakashi. Matar Baba Kwaɗo ta je famfo, mata suka ɗauke bokitansu suka ba ta wuri ita kaɗai, ta dawo ta zauna a bakin gado ba ta ko kunce ɗankwali ba.

Na Auta ya fi ci masa rai. 'Yan ɗakinsu suka tattara kayansu suka bar ta. A aji kujerun da ke kusa da ita suka zama babu kowa. Wata rana ta dawo gida da tsakar rana, ta ce wani ya tare ta a gaban jama'a ya tambaye ta ko ita ce ke nuna wa babanta ɗakunan. Ba ta yi kuka ba, shi ne ya fita bayan gida ya yi.

Babu inda bai buga ba. Ya je wajen mai unguwa, aka ce ya yi haƙuri, ƙura za ta lafa. Ya koma wajen 'yan sanda ya roƙe su su fito su faɗa wa duniya ba shi da hannu, suka ce ba sa wanke kowa sai an gama bincike. Ya je gidan rediyo da wankakkiyar rigarsa, mai gadi ya gane shi, ya ce babu kowa a ciki, alhali yana jin muryoyinsu. Ɗansa ya bugo waya daga hanya yana cewa a bar garin kawai. Baba Kwaɗo ya ce in ya gudu ya sa hannu ke nan a kan abin da ake faɗa. Don haka kullum sai ya buɗe rumfa, ya share gabanta, ya zauna har yamma babu mai tsayawa.

Yana zaune haka wata hantsi sai ga wata mata ta nufo shi, ɗauke da akwatin ƙarfe a kai. Doguwa ce, ta manyanta, idanunta sun kumbura. Ta sauke akwatin a gabansa, ta tsaya tana kallonsa ba ta gaishe shi ba. Da ta buɗe baki ya ga wushiryar, sai ya gane uwar yarinyar nan ce mai ce masa Kaka.

Ta ce 'yan sanda sun ba ta kayan 'yarta, amma ba a ga ɗan makullin akwatin ba, kuma ba ta so a fasa, don ita ta saya mata shi ranar da za ta taho makaranta. Ta ce an gaya mata ko shi wane ne, an kuma hana ta zuwa.

"Na zo in ga fuskarka ne," in ji ta. "Baba, dubi idona. Kai ne?"

"'Yar'uwa, wallahi ba ni ba ne. Kaka take ce mini."

Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba. Ta dai tura akwatin da ƙafa zuwa gabansa ta ce ya buɗe mata.

Da ya yi tunani da ya ce su shiga daga ciki. Amma zuciyarsa na kan matar, bai lura mutane sun fara taruwa ba. Ya durƙusa, ya ɗauko siririyar waya ya lanƙwasa bakinta, ya zura a kwaɗon a hankali don kada ya ƙarje shi. Kafin a ce kwabo kwaɗon ya buɗe. Matar ta ɗaga murfin, ƙamshin turaren 'yarta ya taso daga cikin tufafin, ta kifa fuskarta a kai.

Sai wata murya daga baya ta ce, "Kun gani ko? Ko makulli ba ya bukata."

Wayoyi sun riga sun ɗauka. Dutse na farko ya sami kwanon rumfar, na biyu ya fasa masa goshi. Matar ce ta miƙe ta tsaya a gabansa, ta ware hannuwa tana cewa ita ta sa shi, su ji tsoron Allah, jinin da aka zubar bai ishe su ba ne? Suka ɗan ja baya don kunyarta. Tela ya ja shi ta cikin shagonsa ya fitar da shi ta baya. Kafin yamma an tumɓuke rumfar, injin da ya ci da iyalinsa shekaru yana kwance a kwata. Hoton da ya zaga duniya kuwa an yanke matar daga ciki, hannunsa kawai ake gani da kwaɗo yana buɗewa.

Hukumar kwaleji ta rufe makaranta, ɗalibai suka watse. Baba Kwaɗo ya koma zaman gida, goshi a ɗaure. A nan wani sabon ciwo ya same shi. Ya fara bin fuskokin duk waɗanda suka taɓa kawo masa makulli a yanka musu kwafi, ɗaya bayan ɗaya. Wancan mai jar hula da ya ce na ɗakin ƙanwarsa ne, da gaske ƙanwarsa ce? Yaron mai gidan hayar fa, da ya zo yana waige-waige? Wata rana ya kama kansa yana gaya wa matarsa cewa shi fa tafiyar mai aski ba ta kwanta masa ba. Ta dube shi ta ce, "Malam, kai ma?" Ya kasa ƙarasa abincin da ke gabansa.

Watanni suka shuɗe ba a kama kowa ba. Bakin mutane ya koma kan wani direban tasi, daga baya ya koma kan mai gidan hayar, amma bai taɓa sauka gaba ɗaya daga kan Baba Kwaɗo ba. Wani mai gyaran risho a can ƙarshen gari ya ba shi gefen rumfarsa, yana taya shi aiki, ba ya ɗaga kai in baƙo ya zo.

Da aka buɗe makaranta Auta ta ce za ta koma. Ya roƙe ta, uwarta ta roƙe ta, yayarta ta zo takanas ta yi mata magana. Ta ce saura mata zango biyu, ba za ta bar wa masu surutu karatunta ba. Daga gidansu zuwa asibitin da suke koyon aiki tafiya ce mai nisa, dole ta kama ɗaki kusa, kuma babu wadda ta yarda ta zauna da ita. Ita kaɗai za ta riƙa kwana, layi biyu tsakaninta da gidan da aka yi kisan, wanda ya yi shi kuma yana nan yana yawo cikin mutane, wataƙila ma yana cikin masu jifan.

Ya raka ta da kayanta. Ya duba taga, ya girgiza ƙyauren, ya ƙara ƙusa inda babu bukata. Ta ce, Baba ka tafi, ana kallonka. Ya tafi.

Amma washegari da la'asar ya bar risho a warwatse ya dawo. Akwai wani kututturen bishiya a tsallaken layin, daga nan ana hango ƙofarta. Ya zauna a kai har ya ga farar rigarta ta shawo kwana, ta shiga, ya ji ƙarar sakata, sannan ya tashi. Jibi ma haka. Ya san yadda abin yake a idon mutane: tsohon da ake zargi, zaune kullum yana kallon gidan ɗalibai mata. Yana ganin labule na motsi, yana ganin ana ɗaga waya daga nesa. Matarsa ta riƙe masa riga ta ce kashe shi za su yi. Ya ce ya sani.

Har yanzu yana zuwa. In la'asar ta yi sai ya wanke hannu, ya ce wa mai risho zai je ya dawo.